Darasi ga ɗalibin da ya sauka a baƙon gari: salla, abinci da takardu

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Tambayoyin da suka fi yawa a akwatin saƙona kwanan nan daga yaranmu suke, waɗanda suka tafi karatu ƙasashen waje. Wasu 'yan Tamburawa da Tsakuwa ne, wasu daga Kura da Bunkure, da yawansu kuma sun bi ta Kwalejin Kimiyya ta Dawakin Kudu. Tun lokacin ɗalibai 501 da gwamnatin Kwankwaso ta tura, zuwa 1,001 da gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta sanar a 2023, hanyar Indiya da Uganda ta zama sananniya a gidajenmu, ban da masu tafiya Azhar da Madina da aka saba. Shi ya sa na ga gara in amsa a bainar jama'a, iyaye ma su karanta.

Mu fara da salla, don a nan aka fi rikicewa. Ya ɗan'uwa, ranar da ka shiga garin da za ka zauna shekara biyu ko huɗu, hukuncin matafiyi ya sauka daga kanka. A mazhabar Malikiyya, wadda aka karantar da mu a Risala, wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku, ko salloli ashirin, cika salla zai yi. Hanafawa sun kai shi kwana goma sha biyar. To ina kwana goma sha biyar, ina shekara biyu? Na san akwai malaman da suka sassauta wa ɗalibi ya ci gaba da ƙasaru muddin bai mai da garin mazauninsa ba, kuma manya ne, ba na raina maganarsu. Amma ni ba na ba yaro wannan fatawar. Mutum ya kama ɗaki, ya sayi katifa da tukunya, ya san mai shagon unguwa, sannan ya shekara uku yana Azahar raka'a biyu? Zuciyata ba ta natsu da haka ba. A hanya, a filin jirgi, a garin da aka yada zango, yi ƙasarunka. Da ka isa, ka cika, kuma Juma'a ta hau kanka.

Sai alƙibla. Mu a nan mun saba cewa "gabas" har kalmar ta zame mana sunan alƙibla, muna cewa wane ya kalli gabas. A Delhi idan ka kalli mafitar rana ka ba wa Ka'aba baya ke nan, domin alƙiblarsu yamma take. A Alƙahira kudu maso gabas ce, a Madina kudu, a Mbale ta Uganda kusan arewa. Daren farko kar ka dogara da zato. Tambayi Musulmin da ka fara gani, ko ka duba mihrabin masallaci mafi kusa. Manhajar waya tana taimakawa, amma ƙarfen gini yana rikita ta.

Abin da ya fi damuna shi ne yaron da zai shiga masallaci ya ga abin da bai saba ba, sai ya koma ɗaki yana salla shi kaɗai. Mafi yawan Musulmin Indiya Hanafawa ne. Za ka ga suna jinkirta La'asar har inuwar abu ta ninka tsawonsa biyu, suna wuturi raka'a uku a haɗe, suna ɗora hannu ƙasan cibiya. A Masar za ka iya samun limami Bashafi'e yana bayyana Bismillah, yana alƙunutin Asuba da ƙarfi bayan ruku'u, alhali kai ka saba da shi a ɓoye kafin ruku'u. Duk wannan saɓani ne na malaman Sunna tun ƙarnonin farko, sallarka a bayansu ta inganta. Ka bar rigimar saki da ƙablu a Kano, don Allah, kar ka biya mata kuɗin jirgi. Haka ma azumi da Idi: ganin watan garin da kake shi za ka bi, ko da Sarkin Musulmi ya riga ya yi sanarwa a Sakkwato kuma 'yan gidanku suna ta turo maka barka da Salla.

A Indiya Juma'a ranar aiki ce, lacca tana iya faɗowa daidai lokacin huɗuba. Tun makon farko ku haɗu ku je wajen shugaban sashe cikin ladabi ku nemi izini. Abin da aka nema da wuri ya fi sauƙin samu a kan wanda aka nema bayan an rubuta maka fashi sau uku.

Abinci kuwa, wanda ya je Masar ko Saudiyya ya huta. Wanda ya je Indiya sai ya buɗe ido. Kayan abincin da ke cikin leda suna da alama: kore yana nufin babu nama a ciki, ruwan ƙasa yana nufin akwai. Akwai kuma yankan da ake yi da sara ɗaya, wanda ba na Musulmi ba ne, bai halatta gare ka ba. Nemi mahaucin Musulmi, suna da yawa. Kafin ka same shi, shinkafa da wake da ƙwai da kifi ba su taɓa kashe kowa ba. Kai da ka tashi a tsakiyar shinkafar Kura, ai ba a kai ka inda za ka yi kuka ba. Uwa mai dabara kuma takan ƙulla wa ɗanta kuka da kuɓewa busasshiya da yaji.

Yanzu ga abin da yaranmu ba sa ɗauka ibada alhali amana ce: takardu. Mai bizar karatu ta fiye da kwana 180 a Indiya, doka ta ce ya yi rajista da ofishin kula da baƙi cikin kwana 14 da saukarsa. A Masar akwai iƙama, ita ma ana sabunta ta. Ka shiga ƙasar mutane da alƙawarin bin dokarsu, cika alƙawari kuwa wajibi ne. Ka tuna abin da ya faru a Khartoum. Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke, ana cikin Ramadan, ɗalibanmu na can suka wayi gari cikin ƙarar bindiga. Da motocin bas aka kwaso su, wasu suka yi kwanaki a kan iyakar Masar kafin jirgi ya kawo su Abuja. A irin wannan ranar fasfo da sunanka a rajistar ofishin jakadanci su ne dukiyarka. Ka ɗauki hoton kowace takarda ka tura wa wani a gida. Kuma kar ka taɓa karɓar saƙon da ba a buɗe shi a gabanka ba, ko da mai ba ka ya ce ɗan garinku ne.

Kewa za ta zo, kar ka ɗauka raunin imani ne. Duk wanda ya taɓa dashen tumatir a Kadawa ya san yadda dashe yake langaɓewa a kwanakin farko kamar ya mutu, alhali saiwa ce take neman kama ƙasa. Abin da yake kashe shi shi ne a riƙa tumɓuko shi ana dubawa. Yaron da yake kwana a WhatsApp da 'yan gida haka yake yi wa kansa. Indiya tana gabanmu da awa huɗu da rabi, hirar da aka fara bayan Isha'i a Dawaki ta kai shi tsakar dare, Asuba ta wuce shi, laccar safe ma haka. Ka sa wa kiran gida lokaci. Ka fita ka koyi harshen titi. Mai Larabcin littafi zai sha mamaki a Alƙahira idan ya ji jimun ta koma "ga", ƙafun kuma ta ɓace, amma wata uku na cinikin kasuwa suna warware wannan. Ba kai ne farau ba: Muhammadu al-Kashinawi ya bar ƙasar Katsina ya yi karatu da rubuce-rubuce har ya rasu a Alƙahira wajen 1741, babu waya babu jirgi.

Ku kuma iyaye, Allah ya saka da alheri, amma a sassauta. Kuɗin da ake ba ɗalibi na ci da haya ne, ba albashi ba ne. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, abin da kuke gani da yawa idan an canza shi, a can da ƙyar yake kai wata. Kar a kira shi a ce ya turo kuɗin taki. Idan an kira, a tambaye shi wa yake zama da shi, wane masallaci yake zuwa, ya yi rajistarsa ko bai yi ba.

Wallahu a'alam.