Tasirin Gudu da Tafiyar Ƙafa a Kan Marubuci: Murakami da Alhaji Umaru Salga

Manazarta adabin Hausa sun fi karkata ga jigo da salo da zubi, ba kasafai suke waiwayar jikin marubuci ba, alhali da shi ake zaman rubutu. Wannan maƙala ta ɗauki marubuta biyu domin duba wannan giɓi.

Haruki Murakami, marubucin ƙagaggun labarai ɗan ƙasar Japan, ya fara gudu a 1982, bayan ya bar sana'ar gidan shaƙatawa ya koma rubutu kacokan. A 1996 ya yi gudun kilomita 100 a rana guda. A littafin da ya wallafa kan gudu a 2007, ya nuna cewa bayan baiwa, marubuci na buƙatar tattara hankali da juriya, kuma gudun fanfalaki ne ya horar da shi a kansu.

Sai dai ɗora wannan ma'auni kai tsaye a kan Bahaushe kuskure ne. A ƙauyukan Gaya da Ajingi, irin su Balan, in aka ga magidanci yana sheƙa gudu, "Lafiya?" za a fara tambayarsa, domin a al'adance gudu na mai tsira da rai ne, ko na yara. Juriyar da Bahaushe ya girmama ita ce ta doguwar tafiya, irin ta fatake da almajirai.

A nan ne Alhaji Umaru Salga ya dace da nazari. An haife shi a Kano wajen 1858, ya bi hanyoyin fatauci da neman ilimi har ya zauna a Salga, kasuwar goro ta Gwanja, daga bisani ya koma Kete-Krachi, inda ya rasu a 1934. Tafiyar ayari daga Kano zuwa Gwanja ta watanni ce, zango bayan zango. A ra'ayin mai wannan nazari, daga nan ya samo idon da ya kalli matsiyaci da mawadaci a Waƙar Talauci da Wadata, da kuma sanin garuruwa da sana'o'i da ke cikin bayanan da ya rubuta wa Bajamushe Adam Mischlich.

Bambancin a fili yake. Murakami shi kaɗai yake gudunsa, yana neman zuciyarsa ta wofinta, sannan ya dawo teburinsa da ƙarfin zama. Umaru kuwa cikin jama'a ya yi tafiyarsa, tare da madugu da 'yan alaro da jakuna, kuma abin da zai rubuta ɗin ma a kan hanyar ya tsince shi.