Yaro Tafinta

A unguwar Kusugu, cikin birnin Daura, in takardar asibiti ta zo da Turanci, ɗan makaranta akan kira ya yi wa iyayensa tafinta.

Haka abin yake a Amurka, inda waɗansu iyaye Sifaniyanci kaɗai suke ji. A shekarar 2007 masana suka fitar da binciken da suka yi a birnin Shikago. Sun tarar yaran da suka saba yin tafinta sun fi 'yan'uwansu cin jarrabawar karatu.

Amma fa aikin amana ne. Kuskuren kalma ɗaya yana iya sa uwa ta sha magani ba bisa ƙa'ida ba. Saboda haka, yara, kada ku ƙara, kada ku rage. Abin da ya shige muku duhu, ku tambaya.