Darasin Kasuwanci: Kantin Unguwa da Intanet a Cinikin Kayan Nutso

A Amurka, kantin kayan nutso cikin teku ba sayar da kaya kaɗai yake yi ba. Shi ke koyar da sabon shiga, ya cika masa tukunyar iska, ya kuma kai ta gwajin ƙarfi da doka ta wajabta duk shekara 5. Ribar waɗannan hidimomi ba ta taka kara ta karya ba. Da cinikin kaya ake biyan haya da albashi.

Da intanet ta zo, sai mai saye ya shiga kanti, ya gwada na'urar shaƙar iska, ya sha bayani, sa'an nan ya saya da rahusa wajen dillalin da bai yi ɗawainiyar komai ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Mai sayen bai karya doka ba, amma in kantin ya rufe, intanet ba ta cika tukunya.

Saboda haka wasu kamfanoni suka taƙaita garantinsu ga dillalai masu izini. Irin wannan hujja ce Kotun Ƙolin Amurka ta duba a 2007, cikin shari'ar Leegin kan kayan fata, inda ta soke hukuncin 1911 da ya haramta wa masana'anta ƙayyade wa dillali mafi ƙarancin farashi.