Lambar Da Ke Cikin Jinin Kawu

Bara da kaka idanun kawuna, manomin masara a Sabuwa, suka yi ɗorawa. Kowa ya ce shawara ce, aka yi ta ba shi jiƙe-jiƙe har wata uku. Da rama ta yi yawa aka kai shi asibitin koyarwa na Shika, inda aka ce ciwon daji ne na fankiriyas, watau gaɓar nan da ke kwance bayan tumbi, mai fitar da insulin.

Da yake ni ke karanta wa gidanmu takardu, sakamakon gwajin jininsa ya faɗo hannuna. An rubuta CA 19-9. Wata alama ce da ke manne jikin furotin ɗin da ƙwayoyin dajin ke zubarwa cikin jini. Masana a Filadelfiya ta Amurka suka gano ta a 1979. Ga mai lafiya ba ta cika wuce 37 ba. Galibi in ta yi sama ƙwarai, ciwo ya yi nisa. Wanda tasa ta sauka bayan tiyata kuwa ya fi daɗewa a raye.

Amma fa, 'yan'uwa, lambar nan tana ruɗi. Toshewar hanyar ruwan matsarmama kaɗai kan ɗaga ta. Mutum 5 zuwa 10 cikin 100 ma jikinsu ba ya yin ta sam. Shi ya sa likita ya ce a sake gwaji bayan an buɗe wa kawu hanyar.

Tasa ta sauka, amma ba ta kusanci 37 ba. A motar Funtua gwaggo ta ce, "To, ɗan boko, mene ne fassarar?" Na ce mata likita ya ce mu koma bayan mako uku.