Zaɓen Kayan Jariri

Uwargida, idan kin shiga kasuwar Kafanchan sayen kayan jariri, kada kyawun bulumboti ya ruɗe ki. Ƙazanta takan maƙale cikin bakinsa na roba, ta jawo gudawa. Nonon uwa kaɗai ya wadatar da jariri har wata 6. Bayan haka, kofi da cokali sun fi sauƙin wankewa. Ki riƙa tafasa su.

Damina tana daɗewa a kudancin Kaduna, sauro kuwa yana yawaita. Saboda haka ki zaɓi gidan sauro mai magani. In ya yage, ki ɗinke shi nan da nan. In kin wanke shi, ki shanya a inuwa, gama rana tana rage ƙarfin maganin.