Tsohuwar Corolla a Gaban Na'urar Gwaji

Wani mai karatu daga Agege ya rubuto cewa Corollarsa 'yar Kwatano ce, ƙirar 2005, kuma takardar lafiyarta ta kusa ƙarewa. Yana fargabar tsufa zai kayar da ita a gwaji.

Malam, kwantar da hankalinka. Tun Janairun 2022 Legas ta wajabta kai mota cibiyar gwaji kafin a ba da wannan takarda, amma na'urar ba ruwanta da shekaru. Burki take aunawa, da fitilu, da hayaƙin salansa, da ƙarfin ƙafafu. Tsofaffin motoci sun fi faɗuwa ne saboda ƙananan abubuwan da aka saba da su: ƙwan fitila da ya mutu, burkin hannu da ya saki, shokozoba mai yoyo.

Taya kuwa, ka duba lambobi huɗu da ke gefenta. In ka ga 2319, an ƙera ta ne a mako na 23 na 2019, ta tsufa ko da zanenta bai cinye ba. Nan na fi jin tsoro, domin iyalinka take ɗauka.

Kai motar wurin bakanike mako biyu kafin ranar gwajin. In ta faɗi, za a rubuta maka abin gyara ka dawo. Ka guji 'yan "kawo a yi maka takarda".