BIDIYON DA KE CINYE DATA BA DA SANIN MAI WAYA BA

Jama'a da dama suna kukan cewa sukan sayi data da safe, kafin magariba ta ƙare, alhali kuwa ba su yi wani aikin kirki da ita ba. Irin wannan kuka yana cikin koke-koken da ke yawan isa gaban Hukumar Kula da Harkokin Sadarwa ta Ƙasa, watau NCC. Abin ya daɗa nauyi tun watan Janairu na 2025, sa'ad da hukumar ta yarda kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Dalilan ƙarewar data suna da yawa, amma wannan darasi zai tsaya a kan guda ɗaya wanda maganinsa ke hannun mai waya, shi ne bidiyon da ke saukowa da kansa ba wanda ya kira shi.

Bari mu ɗauki garin Masaka don misali. Garin yana kan hanyar Abuja zuwa Keffi, cikin Ƙaramar Hukumar Karu ta Jihar Nasarawa, amma da yawa daga mazaunansa a Abuja suke neman abinci. Kullum da asuba ma'aikata da 'yan kasuwa da leburori sukan shiga mota su bi ta Mararaba da Nyanya, inda cunkoso kan tsare su lokaci mai tsawo. A cikin wannan zaman jira kusan kowa waya ce a hannunsa, yana jan shafi da ɗan yatsa. Duk bidiyon da ya gifta sai ya fara motsi, ko an tsaya kallonsa ko ba a tsaya ba, kuma kowane motsi kuɗi ne. Mutumin Masaka ya san darajar ruwa, domin gidaje da yawa wajen mai ruwa suke saye jarka-jarka. To, ita ma data aune ake sayar da ita kamar haka, kuma wanda ya bar bidiyo na kunna kansa daidai yake da wanda ya juye ruwan saye a randa mai yoyo.

Ya kamata mai karatu ya san ma'aunin. Kilobait dubu shi ne megabait ɗaya, megabait dubu kuma gigabait ɗaya, a ƙiyasce. Duk rubutun wannan darasi bai kai kilobait 10 ba. Amma minti ɗaya na bidiyo matsakaici yakan ci megabait da dama, watau ya ninka rubutun nan sau ɗaruruwa. Awa guda ta bidiyo mai tsananin kyan hoto tana iya cin fiye da gigabait ɗaya.

Yaya abin ke faruwa? Manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita, wadda ake kira burauza, umarnin mai shafi take bi. In mai shafi ya tsara cewa bidiyonsa ya fara da kansa, sai ta fara jawo shi nan take. Ba kuma daidai abin da ido ya gani take jawowa ba, takan yi gaba ta tara wani sashe don kada hoton ya riƙa tsayawa. In mutum ya wuce bayan daƙiƙa uku, abin da aka tara ya tafi a banza, an kuwa riga an cire kuɗinsa. Har ila yau, wasu shafukan sukan sa a fara jawo bidiyo tun ba a taɓa shi ba. Wasu daga cikinsu tallace-tallace ne, watau talaka ne ke biyan kuɗin dakon tallar da bai nema ba. Wannan ba adalci ba ne, ko da yake waɗanda suka tsara abin suna zaune ne a ƙasashen da mutane da yawa ke biyan kuɗin wata su sha intanet ba awo.

Kamfanin Facebook ya shigo da bidiyo mai kunna kansa a 2013, sauran kuma suka bi sahu. Da ƙorafi ya yi yawa, burauzar Chrome ta hana mai sauti kunna kansa a 2018, Firefox ma ta yi haka a 2019. Sai dai kada wannan ya ruɗi kowa. Abin da aka toshe ƙara ce, bidiyon da ya yi shiru yana nan yana saukowa, kuma hoto ya fi sauti cin data nesa ba kusa ba. Daɗin daɗawa, a 2022 Chrome ta cire tsarinta na tsimin data da mutane suka saba da shi a wayoyin Android.

Saboda haka tilas mai waya ya gyara da hannunsa, gyaran kuwa kyauta ne. A saitunan Firefox akwai wurin hana sauti da bidiyo duka biyu. Opera Mini takan matse shafi kafin ya iso waya. A Facebook, a shiga saitunan bidiyo a zaɓi kada ya kunna kansa ko kaɗan. A WhatsApp, a shiga sashen ajiya da data a cire alamar da ke kan bidiyo, musamman ga wanda ke cikin zaurukan 'yan unguwa ko na dangi, inda akan turo bidiyo ɗaya sau biyar. A YouTube, a rage kyan hoto zuwa 360 ko 240. Wa'azi ko labarai ba su bukatar fiye da haka. Ita kanta wayar tana da makulli babba, ana kiransa Data Saver a Android, Low Data Mode a iPhone.

Akwai wani tarko da ya kamata magidanta su lura da shi. In maigida ya buɗe wa iyali data daga wayarsa ko daga ƙaramar na'urar Wi-Fi, wayoyinsu sukan ɗauka sun sami intanet marar iyaka, sai su saki duk abin da suka riƙe, bidiyo da sabunta manhajoji gaba ɗaya. Lalle ne a nuna wa kowace waya da kwamfuta a saitunanta cewa wannan layi na awo ne. In ba haka ba, ranar da ɗalibi zai duba sakamakon jarrabawa, ko mai shago zai tabbatar da shigar kuɗin ciniki, sai a tarar babu ko megabait ɗaya.

Wanda ke son ya tabbatar da kansa, ya danna *323# ya rubuta abin da ya rage masa. Tun 2023 wannan lamba ɗaya ce a dukan kamfanoni. Bayan ya yi gyaran nan ya sake dubawa a ƙarshen yini. Wayar kuma tana da lissafin abin da kowace manhaja ta ci. In lissafin waya da na kamfani sun saɓa ƙwarai, ya fara kai kuka ga kamfanin ta lamba 300, ya karɓi lambar shaidar ƙorafinsa ya adana. In ba a share masa hawaye ba, ya kira NCC a 622, kiran kuwa kyauta ne.